Buɗin Wasa a Gasar Darar Ces: Tsakanin Hadda da Fahimta

 



An nemi in yi magana a kan darar ces, wadda litattafan Larabci ke kira shaɗaranji, musamman yadda ake buɗe wasa a manyan gasanni. Malaman fiƙihu sun daɗe da saɓani a kan hukuncin wasan, amma bakinsu ya zo ɗaya a kan cewa ya haramta idan caca ta shiga ciki, ko ya shagaltar da mutum daga salla. Duk abin da zan faɗa yana ƙarƙashin wannan sharaɗi.

Magana guda nake so ku koma gida da ita. Buɗi shi ne wurin da ɗan wasa yake zaɓar irin faɗan da za a yi. Wanda ya fahimci buɗinsa, ya kuma san mutumin da ke zaune a gabansa, shi ke jan ragamar wasa. Wanda ya haddace taku bai san dalilinsa ba, ranar da aka kauce masa daga layin da ya sani, ranar zai gane bai riƙe komai ba.

Yadda zaman gasa yake

Allon ces gidaje 64 ne, takwas a tsaye takwas a kwance. Layukan tsaye suna da haruffa daga a zuwa h, na kwance suna da lambobi daga 1 zuwa 8, don haka kowane gida da sunansa, kamar e4 ko d5. Kowane ɓangare yana da 'ya'ya 16: sarki, sarauniya, hasumiya biyu, giwa biyu, doki biyu, da sojoji takwas. Mai farare ne ke fara takawa.

A gasa akwai dokokin da babu su a wasan gindin bishiya. Ɗan da ka taɓa, shi za ka motsa. Kowane taku sai ka rubuta shi a takarda. A gefen allo akwai agogo mai fuska biyu, kana gama takunka ka danna, lokacin abokin karawarka ya fara tafiya. Tsarin da hukumar ces ta duniya, FIDE, wadda aka kafa a Faris a 1924, ta fi amfani da shi shi ne minti 90 don taku 40 na farko, sannan ƙarin minti 30, da daƙiƙa 30 a kan kowane taku. Nasara maki ɗaya ce, canjaras rabin maki, faɗuwa babu komai.

Wannan agogo shi ya ƙara wa buɗi nauyi. Idan ka taka taku goma sha biyar cikin minti biyar saboda ka san hanya, abokin karawarka kuwa ya ƙona awa guda yana laluben mafita, ka riga ka ci rabin faɗa tun kafin a haɗu. Wanda ya riga ka kwana dole ya riga ka tashi.

Abin da ake nema a buɗi

Duk wanda ya taɓa zama wurin 'yan dara a garinmu ya san cewa gwanaye tun wajen jera 'ya'ya a gurabu suke cin wasa, kafin a motsa ko guda. Haka buɗi yake a ces.

Mai farare yana da zaɓi 20 a takun farko, mai baƙaƙe ma 20, wato yanayi 400 bayan taku ɗaya kacal. Amma abin da gwanaye ke nema uku ne. Na farko, mallakar tsakiyar allo, gidajen e4, d4, e5 da d5. Dokin da ke tsakiya yana iya dira a gida takwas, wanda ke kusurwa biyu kawai yake da su. Na biyu, fito da dawaki da giwaye da wuri, ba tare da an yi ta jan ɗa guda ana ɓata taku ba. Na uku, killace sarki a gefe, a bayan sojojinsa, ta takun nan na musamman da sarki da hasumiya suke yi tare.

Daga waɗannan manufofi ne zuriyoyin buɗi suka fito. Idan mai farare ya tura sojan gaban sarki zuwa e4, aka amsa masa da e5, ana iya shiga buɗin Italiya ko na Sifaniya. Idan aka amsa da c5, Kariyar Sisiliya ke nan, wadda masu neman nasara ko ta halin ƙaƙa suke so, domin kowane ɓangare na kai hari ta nasa gefen. Amsa da e6 ita ce Kariyar Faransa, da c6 kuma Karo-Kan, dukkansu na masu haƙuri. Idan kuwa aka fara da d4, aka amsa da d5, aka biyo da c4, an shiga Gambit ɗin Sarauniya. Gambit shi ne ka miƙa soja da gangan don ka sami saurin fitowa ko ka mallaki tsakiya. Kundin buɗe-buɗe da aka fara bugawa a Belgrade a 1974 ya kasa su duka gida 500, daga A00 zuwa E99.

Daga Bagadaza zuwa Landan

Nazarin buɗi a rubuce ya faro ne daga Musulmi. A Bagadaza ta zamanin Abbasiyawa, al-Adli ya rubuta littafi a kan shaɗaranji a ƙarni na 9, sannan as-Suli, wanda ya yi fice a fadar Halifa al-Muktafi, ya biyo baya. A wancan lokaci wasan yana da nawa. Ɗan da ke kusa da sarki gida ɗaya yake takawa a karkace, soja ma gida ɗaya ko a takun farko. Saboda haka gwanaye suka tsara jeren yaƙi da suke kira ta'abiya, kowanne da sunansa, kamar Mujannah da Sayyal.

A ƙarshen ƙarni na 15, a Sifaniya, aka ba sarauniya da giwa ƙarfin da suke da shi a yau. Nan take wasa ya yi sauri, har kuskure ɗaya a taku na biyar ya isa ya kashe mutum. Lucena ya buga littafinsa a 1497, wani limamin kirista kuma mai suna Ruy Lopez ya buga nasa a 1561, shi ya sa buɗin Sifaniya ke ɗauke da sunansa har yau.

Gasar ƙasa da ƙasa ta farko an yi ta ne a Landan a 1851, Bajamushe Adolf Anderssen ya lashe. Zamanin ƙuru ne: a miƙa soja, a miƙa doki, a auka wa sarki. Wilhelm Steinitz, wanda ya zama zakaran duniya na farko a 1886, shi ya koyar da cewa hari ba ya cin nasara sai an tara masa dalili. Tunaninsa ya yi tasiri har ya kai ga cewa a karawar Capablanca da Alekhine a Ajantina a 1927, wasanni 32 cikin 34 buɗi ɗaya aka yi, Gambit ɗin Sarauniya da ba a karɓi sojan ba. A cikin waɗannan shekaru ne kuma su Richard Reti da Aron Nimzowitsch suka zo da sabon ra'ayi, cewa ana iya barin abokin karawa ya cika tsakiya da sojoji, sannan a rushe ta daga nesa da giwaye da dawaki. Da wannan salo Reti ya kayar da Capablanca a New York a 1924, faɗuwarsa ta farko cikin shekara takwas.

A 1972, a birnin Reykjavik, Ba'amurke Bobby Fischer ya kara da Boris Spassky na Tarayyar Sobiyet. Duniya ta san Fischer da e4, kusan ba ya buɗewa da wani abu, shirin 'yan Sobiyet ma a kan haka ya ta'allaƙa. A wasa na shida sai ya fara da c4, ya karkata zuwa Gambit ɗin Sarauniya, ya ci wasan a taku 41 da irin tsabtar da ta sa Spassky da kansa ya bi 'yan kallo wajen tafa masa. A wasa na goma sha ɗaya kuma Fischer ya aika sarauniyarsa ta ci sojan b2, a layin da ake kira soja mai guba. Spassky ya rufe mata hanya har ta halaka. Kwaɗayi mabuɗin wahala. Duk da haka Fischer ya ɗauki kambun duniya da maki 12½ da 8½.

Landan, 2000: Katangar Balin

Jama'a, a nan zan ɗan daɗe, domin babu misalin da ya fi wannan nuna abin da nake nufi.

A 2000, Garry Kasparov ya shekara 15 yana riƙe da kambun duniya. A 1999 makinsa na ƙwarewa ya kai 2851, wanda babu wanda ya taɓa kaiwa kafin lokacin. Ƙarfinsa a bayyane yake: bincike mai zurfi a gida, sannan hari mai zafi a allo. Wanda ya fito ƙalubalantarsa, Vladimir Kramnik, yana da shekara 25, ya yi karatu a makarantar ces ta Botvinnik da Kasparov, ya kuma kasance cikin mataimakan Kasparov a karawarsa da Anand a 1995. Ya san mutumin ciki da waje.

Tambayar da ke gaban Kramnik ita ce, me zai yi duk ranar da baƙaƙe suka faɗo hannunsa, Kasparov ya tura e4? Sai ya tono wani tsohon reshe na buɗin Sifaniya, Kariyar Balin, wanda aka yi yayinsa a ƙarni na 19, manyan gwanaye kuma suka daɗe da yi masa kallon rauni.

Ga yadda yake tafiya. An fara da e4 da e5. Dokin farare ya fito f3, na baƙaƙe ya fito c6. Giwar farare ta hau b5, sai mai baƙaƙe ya fito da ɗaya dokin zuwa f6. Mai farare ya killace sarkinsa, dokin baƙaƙe ya ci sojan e4. Bayan 'yan musaye-musaye, giwar farare ta ci dokin c6, farare suka maido da sojansu a e5, a taku na takwas kuma sarauniyar farare ta ci ta baƙaƙe a d8, sarkin baƙaƙe ya ci ta. Taku takwas kacal, babu sarauniya ko ɗaya a allo.

Duk malamin da ya kalli wannan yanayi da ƙa'idojin da na lissafa muku ɗazu, zai ce baƙaƙe sun yi asara. Sarkinsu ya motsa, ba zai ƙara killacewa ba. Sojojinsu biyu sun hau kan layi ɗaya, layin c, ɗaya na tare wa ɗaya hanya. A gefen sarki farare na da sojoji huɗu lafiyayyu, baƙaƙe na da uku, kuma idan aka share sauran 'ya'ya aka bar sarakuna da sojoji, farare ne ke da rinjaye.

To me Kramnik ya gani? Ya ga cewa sarkin da ke tsakiya ba ya cikin haɗari idan babu sarauniyar da za ta farauce shi. Ya ga cewa farare sun bayar da giwarsu mai tafiya a fararen gidaje, don haka tasa giwar ba ta da kishiya. Ya ga cewa sojan e5 ya yi gaba da yawa, ya bar gidajen d5, e6 da f5 a hannun baƙaƙe, ta nan kuma za a iya tare sojojin nan huɗu su kasa wucewa. Abu mafi girma, ya ga cewa wannan yanayi ne na haƙuri da jan ƙafa, ba shi da wutar da Kasparov ke rayuwa a cikinta.

Sau huɗu aka buga Balin a wannan karawa, a wasa na 1, na 3, na 9 da na 13, duka canjaras. Da farare kuwa Kramnik ya ci wasa na 2 da na 10. An tsara wasanni 16, amma a na 15 magana ta ƙare: maki 8½ da 6½, Kasparov bai ci ko wasa ɗaya ba. Daga nan aka laƙaba wa wannan kariya suna Katangar Balin. Kasparov ya fasa ta a gasar Astana a 2001, ya kayar da Kramnik, amma kambu ya riga ya tafi. Buɗin da aka raina ya zama abincin yau da kullum a manyan gasanni, har ya bayyana a karawar Magnus Carlsen da Anand a 2013 da 2014.

Ku lura da kyau, ɗalibai. Kramnik ya san ƙa'idojin buɗi sarai, ya kuma san dalilin kowace ƙa'ida, shi ya sa ya gane wurin da ba ta aiki. Sannan ya zaɓi buɗinsa ne bayan ya auna mutumin da zai fuskanta.

Ranar da shiri ya ci amanar masu shi

Shiri na gida takobi ne mai kaifi, amma yana yanka mai shi idan bai duba da idonsa ba.

A New York a 1918, Frank Marshall ya fito wa Capablanca da sabon gambit a buɗin Sifaniya, ya miƙa soja a taku na takwas ya buɗe wuta a kan sarki. Capablanca ba shi da wani shiri a kai. Ya karɓi sojan, ya yi ta lissafi a kan allo taku bayan taku, ya tsallake harin, ya ci wasan. Gambit ɗin kansa nagari ne, har yau ana buga shi da sunan Marshall, amma a ranar fahimta ta fi shiri.

Shekara 86 bayan haka, a 2004, a garin Brissago na Suwizalan, wannan gambit ya dawo a wasa na takwas tsakanin Kramnik da Peter Leko na Hangare. Kramnik na riƙe da farare, yana takawa da sauri bisa binciken da aka yi da kwamfuta, har ya sadaukar da sarauniyarsa. Leko ya ƙona kusan duk lokacinsa yana tunani, ya gano ramin da binciken bai hango ba, ya ci wasan. Mutumin da ya kayar da Kasparov da fahimta, ga shi ya faɗi saboda ya dogara da lissafin da ba nasa ba. Sai da ya ci wasan ƙarshe, na 14, kafin ya tsira da kambunsa da maki 7 da 7.

Kasparov ma ya ɗanɗana. A wasan ƙarshe na karawarsa da kwamfutar Deep Blue a 1997, ya buga Karo-Kan, wadda ba ita ce makaminsa na yau da kullum ba a lokacin. A taku na bakwai ya tura soja h6, ya ba da damar sadaukar da doki a e6, abin da litattafai suka riga suka sani. Kwamfutar ta sadaukar, a taku na 19 ya miƙa wuya.

Zamanin da muke ciki

A yau kowane babban gwani yana da kwamfutar da ta fi shi ƙarfi, da rumbun miliyoyin wasanni a aljihunsa. Wasu layuka an bi su har taku na 25 ko 30. Sakamakon haka ya bayyana a Landan a 2018, inda wasanni 12 na karawar Magnus Carlsen da Fabiano Caruana duka suka tashi canjaras, sai da aka koma wasan sauri Carlsen ya yi nasara. Fischer ya hango wannan tun 1996, lokacin da ya gabatar da salon da ake hargitsa jerin manyan 'ya'ya kafin a fara, yanayi 960 daban-daban, don kada hadda ta yi aiki.

Amma ku dubi yadda Carlsen ya yi shekara goma da kambu, daga 2013 zuwa 2023. Sau da yawa yana zaɓar buɗi mai sanyi da ba ya ba shi wani rinjaye a takarda, burinsa kawai a fita daga littafi a shiga wurin da kowa zai yi tunani da kansa. Ku dubi kuma Singafo a 2024, inda Gukesh ɗan Indiya, yana da shekara 18, ya karɓe kambu daga Ding Liren na Sin da maki 7½ da 6½. Bayan duk watannin da ɓangarorin biyu suka yi suna shirin buɗi, abin da ya raba gardama kuskure ne da Ding ya yi a taku na 55 na wasan ƙarshe, a yanayin da kowa ke jiran canjaras. Buɗi yana kai ka bakin fage ne, faɗan kuma da hannunka za ka yi shi.

Kira ga ɗalibai da malamansu

Ɗalibai, ga shawarata. Ku zaɓi buɗi ɗaya da farare, amsa ɗaya ga e4, amsa ɗaya ga d4, ku zauna a kansu shekara guda. Ga mai farawa, e4 da e5 da buɗin Italiya sun wadatar, domin a nan ake koyon saurin fitowa da lissafin hari. Kowane taku kuka koya, ku tambayi kanku: wane gida yake tsarewa, wane ɗa yake buɗe wa hanya, me zai faru idan ban yi shi ba? Idan ba ku da amsa, ba ku koye shi ba tukuna. Ku riƙa bin cikakkun wasannin gwanaye daga farko har ƙarshe, don ku ga inda buɗin yake kai mutum. Ku rubuta wasanninku, bayan an tashi ku zauna da wanda ya kayar da ku ku bi su tare, sai daga baya ku tambayi kwamfuta. Kuma lokacin da kuke ba ƙarshen wasa kada ya gaza wanda kuke ba buɗi.

Malamai da shugabannin makarantu, kayan wannan wasa allo ne da 'ya'ya 32 da agogo. Bassem Amin na Masar ya haura maki 2700, Amon Simutowe na Zambiya ya zama babban gwani, a Legas kuma Tunde Onakoya ya kai allo unguwannin marasa galihu, yara suka koya suka shiga gasa. Yaranmu ba su gaza kowa kaifin ƙwaƙwalwa ba. Ku buɗe musu kulob, ku shirya musu gasa da agogo da takardar rubutu, ku ba 'yan mata wuri kamar yadda kuka ba maza, ku kuma hana su karatun aku. Yaron da ya saba tambayar dalilin kowane taku zai kai wannan ɗabi'a ajin lissafi, ya kai ta kasuwa, ya kai ta duk inda aka ɗora masa amana.